Jirgin da Ya Sauka a Wayar Mma

Kafin wani ya fara yi mini wa'azi a kament, bari in riga ku faɗa: na sani. Na san caca haramun ce, na yi Islamiyya daidai gwargwado, kuma da idona na ga mai babur ya koma tafiya a ƙasa saboda ita. Don haka ku riƙe nasiharku tukuna. Ku bari in ba ku labarin Litinin ɗin nan da ta wuce, ranar da na ci kuɗin da ban taɓa ci ba, na kuma yi da-na-sanin cin su tun kafin a kira la'asar.

Sunana Azeta Sumani, shekarata ashirin da biyar, ina da ɗan kiyos na momo, wato tura kuɗi da cirewa ta waya, a bakin titin Kanvili, kusa da mai facin taya. Wanda bai taɓa zama a kiyos ɗin momo ba bai san unguwarsu ba. Ni na san tsohuwar da ɗanta ke turo wa kuɗi daga Kumasi duk ƙarshen wata, na san wanda ke aika wa budurwa a ɓoye, na kuma san duk wani ɗan bet da ke yankinmu. Mutum zai zo da farar jallabiya da carbi a hannu, ya rage murya ya ce, "Sista, sa min sidi goma." Kafin ya tsallake kwata na ji ƙarar wasan a wayarsa.

Da wannan ilimin na kori samari uku. Yazeed mai shagon caja, Wumpini malamin firamare, na ukun ba zan kira sunansa ba don na san yana karanta shafin nan, sannu da ƙoƙari. Duk wanda ya fara zuwa, mahaifiyata, Mma, sai ta hau murna, ni kuma in ce, "Mma, ɗan bet ne." Nan take za ta ɓata rai, in ya sake sallama ko ruwa ba zai samu ba. Har abin ya zame mata abin tutiya. A wurin suna, a wurin biki, sai ka ji ta tana cewa, "Azeta na ba zai auri ɗan caca ba, ko da mota ya zo."

Sai Allah ya kawo Abdul-Wadud.

Shi a Vittin yake. Sana'arsa nono: kullum da asuba ya hau babur zuwa rugagen bayan gari, ya ɗauro jarkoki huɗu, ya rarraba wa masu yogot da masu burkina, abin shan nan na gero da nono. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, kuma ko wane turare ya fesa sai ka ɗan ji ƙamshin kindirmo a ƙarƙashi. Wata bakwai yana zuwa kiyos ɗina tura wa makiyaya kuɗinsu, ina sa masa ido kamar ƴar sanda, ban taɓa kama shi da ko pesuwa ɗaya ta bet ba. Duk Litinin da rana kuma yana biyawa gidanmu ya gaida Mma da galan ɗin nono. Mma ta riga ta gama aurar da ni a zuciyarta, ni kaɗai ake jira.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce ina sonsa. Ina sonsa har ina jin haushin kaina. In saƙonsa ya shigo, "Madam momo, kin ci abinci?", sai in bar shi minti ashirin kafin in amsa, amma a cikin minti ashirin ɗin nan na karanta shi sau goma. To me ya hana ni cewa e? Yauwa, mun zo wurin.

Ni ma ina buga jirgi.

Ga wanda Allah ya tsare bai san shi ba: wani ɗan jan jirgi ne a fuskar waya. Ka sa kuɗi, ya tashi, lamba ta fara hawa, ninki ɗaya da rabi, ninki biyu, uku, haka dai. Aikinka ka danna ka kwashe kafin ya ɓace. In ya riga ka, kuɗinka sun bi shi. Wani lokaci ko tashi bai gama yi ba yake ɓacewa, ya bar ka kana kallon fuskarka a gilashin waya. Na fara ne wata takwas da suka wuce, tsakanin azahar da la'asar lokacin da ko ƙuda ba ya zuwa kiyos, wai don in ga abin da ke haukata samarin nan. To, na gani.

Amma ni ba irinsu ba ce, haka nake gaya wa kaina. Ni ina da doka. Sidi ashirin kacal a mako, daga kwamishan ɗina, ba na taɓa jarin kiyos ko da wasa. Kuma tun ranar da na sa su nake ɗauka sun tafi, kamar kuɗin burkinar da na riga na shanye. Kowane tashi sidi ɗaya nake sawa, da ya kai ninki biyu in kwashe, ba na jiran ya kai sama ta bakwai. In na faɗi sau uku a jere, waya ta koma jaka sai gobe. Ba na bin kuɗin da suka tafi, domin shi ne abin da na ga yana kashe maza a gaban teburina: mutum ya rasa goma, ya sa ashirin don ya dawo da goman, kafin magariba yana neman wanda zai sayi hular kwanonsa. Sannan akwai wata doka da ban taɓa samun damar aiki da ita ba: duk ranar da ashirin ɗina ta zama arba'in, in cire su gaba ɗaya a take, kafin Shaiɗan ya ba ni shawara. A wata takwas, sau ɗaya na kai talatin da tara.

Babbar dabarar kuwa, wadda nake ji da ita, ita ce wayar Mma.

Ku duba, ni mace ce da ke zaune kan dubban sidi na jari tun safe har yamma, kuma na san zuciyata. Na san in na buɗe wasan da lambata, wata rana zan fusata in ƙara. Sai na buɗe shi da lambar Mma da Gana Kad ɗinta, katin shaidarta na ƴar ƙasa. Wasan yana kan wayata, amma kuɗi ba sa shiga sai daga waccan lambar, kuma sai an danna pin a kan wayar kanta. Wayar Mma kuwa ƴar ƙaramar nan ce mai madannai da muke kira yam, kullum tana ƙulle a bakin zaninta tare da goro da canjin ƙuli-ƙuli. Mma ba ta karatu, ni ce mai karanta mata saƙo, ni ce mai sa mata caji. Duk Litinin da safe in karɓa in ce zan duba, in tura ashirin daga wayata zuwa tata, in wuce da su cikin wasan, in goge saƙonnin, in mayar. Sauran kwana shida ko zuciyata za ta fashe ba ni da hanyar ƙara ko sisi, sai dai in je in kwance wa uwata zani. Wallahi har tausayin samarin nan nake ji don ba su da basira irin tawa.

Litinin ɗin da nake ba ku labari, da faɗa muka tashi. Mma na tsakar gida tana matse tunkuza, mai na tsiyaya cikin roba, ni kuma ina ɗaura ɗankwali, na sa doguwar rigata ruwan zuma da jakar aiki mai zif uku.

"Azeta."

"Na'am, Mma."

"Yaro nan wata bakwai yana kawo nono gida nan. Nono nawa za mu sha kafin ki ce e?"

"Mma, ai nono na gina jiki."

"Ki ga bakinki! Fadilatu da kika goya, jiya an yi suna na biyu. Kowa ya tambaye ni, ina Azeta, ina Azeta. Na ce yana kiyos yana auren momo."

"To ai momo ba ya dukan mace."

"Oi! Ni kike ba amsa? Kawunsa sun ce a shirye suke da goro, ke kawai. In ba ki so, ki faɗa, in daina shan nonon mutane da kunya."

Na fita ina ƙunƙuni, ko koko ban sha ba. Ashirin ɗina dai na riga na sa tun tana banɗaki.

A ranar, kasuwa ta yi tsit, rana kuma kamar a kan kiyos ɗina kaɗai aka buɗe ta. Wajen ƙarfe biyu na ciro waya, maganar Fadilatu na ci mini rai. Ban san abin da ya hau kaina ba. Maimakon sidi ɗaya, sai na rubuta ashirin, duka kuɗin mako, na ce su tafi in huta. Dokar da na yi wata takwas ina kiyayewa, a daƙiƙa biyu na taka ta. Na danna, jirgi ya tashi.

Daidai nan wata mata ta tsaya da yaro a goye, wai a duba mata ko kuɗinta sun shigo. Na kife wayata a kan tebur. Ta manta pin, ta tuna, ta sake mantawa, ta kira mijinta, mijin bai ɗauka ba, ta yi masa addu'ar da ba zan maimaita ba, ta tafi. Na ɗago wayar don in ga gawar ashirin ɗina.

Jirgi na nan yana tafiya. Ninki saba'in da ɗaya. Saba'in da biyu.

Jama'a, yatsana ya ƙi motsi. Na ji wata murya a kunnena tana cewa bari ya kai ɗari. Da hannun hagu na kama na dama na danna. Saba'in da huɗu. Ko numfashi ban sauke ba jirgin ya ɓace.

Sidi dubu ɗaya da ɗari huɗu da tamanin.

Na yi ihu har mai faci ya yar da guduma ya leƙo. Na ce kunama ce, ta gudu. Sai na tuna dokata ta ƙarshe, wadda ban taɓa amfani da ita ba: a cire a take. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ce kin gani, Azeta, ko a cikin murna kina da tsari. Na danna cirewa, duka. Wasan ya rubuto cewa an tura kuɗin zuwa lambar da aka yi rajista da ita.

Na yi kusan minti ɗaya ina murmushi kafin maganar ta isa ƙwaƙwalwata.

Lambar da aka yi rajista da ita tana ƙulle a bakin zanin Mma. Wata takwas ina shirya wa faɗuwa, ko sau ɗaya ban zauna na tambayi kaina inda kuɗi za su sauka in na ci ba. Kuma yau Litinin, ƙarfe biyu da rabi, lokacin da wani mai wushirya ke kai nono.

Ban san yadda na rufe kiyos ba. Na tare yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, tafiyar da nake yi a ƙasa cikin minti goma, na ce wa direban ya taka kamar matarsa na naƙuda. Muna shan kwanar gidanmu na hango babur da jarkoki huɗu a jingine a gindin dalbejiya. Ban kai ƙofa ba na ji guɗa.

Mma ce a tsakar gida, hannu duk mai, tana juyi tana guɗa ita kaɗai. Abdul-Wadud na zaune a kan kujera ƴar tsugunno, ya sa batakarinsa, rigar saƙi mai ratsin shuɗi da fari, wayar Mma a tafin hannunsa. Ya ɗago ya kalle ni. Ba fushi a fuskarsa, ba dariya, kuma na fi son a ce ɗaya daga ciki na gani.

"M bia! Ɗiya na!" Mma ta rungume ni, ta shafe mini riga da man gyaɗa. "Miliyan sha huɗu! Miliyan sha huɗu da dubu ɗari takwas!"

Mma har yau da tsohon kuɗi take lissafi, shi ya sa komai a bakinta miliyan ne.

"Mma, wai me..."

"Yi shiru, munafuka! Ashe kina tara kuɗin kayan ɗaki a ɓoye, kina bari ina ta surutu kamar rediyo. Waya ya yi ƙara, na ba yaro nan ya karanta. Ya ce kuɗi ne ya shigo. Na ce daga wa? Ya ce Azeta ya san zancen. Ai ni ba yarinya ba ne, nan take na gane. Faɗan safe ne ya taɓa ki, ko? Kin ji kunya ki ce e da baki, sai kika ce da momo!"

Ta sake rangaɗa guɗa. Maƙwabciyarmu Hajiya Mulikatu ta riga ta leƙo ta katanga da ludayi a hannu, kuma duk abin da Hajiya Mulikatu ta ji da rana, har mutanen unguwar Gurugu ma sun ji shi kafin isha'i.

"Gobe da safe kasuwar Aboabo," in ji Mma. "Tukwane, kuloli, bokiti mai murfi. Abdul-Wadud, ka gaya wa kawunka Juma'a, su kawo goro."

Ya miƙe, ya miƙa mata wayar da hannu biyu, ya ce zai koma kafin sauran nonon ya yi tsami. Mma ta tura ni da gwiwar hannu wai in raka mijina.

Muka tsaya a gindin dalbejiya. Ya hau duba igiyar jarkoki kamar a ranar ya fara ganinta.

"Antire, Madam momo," ya gaishe ni da Dagbanci.

"Naa," na amsa, muryata kamar ta ɗan tsako.

"Wa ke buga jirgi da sunan Fatimata Sumani? Don na san ba Mma ba ne. Mma ko tocilan wayar ba ya iya kunnawa."

Sai kuma bakin nan nawa da ba ya mutuwa ya kama aiki. Na zayyana masa komai: ashirin a mako, sidi ɗaya a tashi, faɗuwa uku a ajiye, ba a bin abin da ya tafi. Har da dabarar wayar Mma na faɗa, kuma Allah ya yafe mini, da ɗan alfahari na faɗe ta. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Tsari mai kyau paa," ya ce. "To da sidi ɗaya kika ci miliyan sha huɗu?"

Na kalli ƙasa. "Yau ashirin na sa."

"Duka?"

"Mma ce ta ɓata mini rai."

"Saa? Haka ne? Ashe dokar tana aiki ne kawai ranar da ba a ɓata miki rai ba."

Wannan ta shige ni. Na ce ai ko yanzu ni ke da riba, in aka cire abin da na zuba a wata takwas, wajen ɗari bakwai, saura kusan ɗari takwas nawa ne. Na ce shi ma ai sana'arsa kasada ce, taya ta fashe a hanyar ruga nono ya lalace, wa zai biya shi?

"Gaskiya ne," ya ce. "Shi ya sa ba na kai wa mutum ɗaya duka, kuma kullum da kuɗin faci a aljihuna. Amma ni ranar da nono bai lalace ba, yara sun sha, Fulani sun samu, ni na samu. Ke ranar da jirginki bai ɓace ba, kuɗin wa kika kwaso? Na Yazeed ne da Wumpini, cale. Su suka zuba."

Ban taɓa jin ya ambaci sunayensu ba. Ashe ya sani.

"Azeta, da ni ne na zo kiyos na ce ki sa min sidi biyar na bet, da yanzu Mma yana ba ni ruwa?"

Na hau goge man gyaɗan da ke rigata.

"To bari in tambaye ki ɗaya. Kin daina?"

Ku da ke karantawa, na san kuna cewa ki ce e mana, sakarya. Ni ma haka na gaya wa kaina. Amma a daidai lokacin sai na tuna lambar nan tana hawa, saba'in da ɗaya, saba'in da biyu, na ji wani abu ya motsa a ƙirjina wanda ba tsoro ba ne. Na yi jinkirin daƙiƙa uku, wataƙila huɗu. Ya gani.

Ya sa hular kwano, ya ɗaure igiyarta a haɓa.

"Ban yi wa Mma ƙarya ba, amma ban faɗa masa gaskiya ba, kuma tun ɗazu abin ke damuna. Rabi na rufa miki, sauran rabin naki ne. Ni dai ba zan ci tuwo daga tukunyar jirgi ba kraa. Kuma ba zan ce wa kawu komai ba sai na ji daga gare ki."

Ya tada babur ya tafi, jarkoki na kaɗawa a bayansa. Na tsaya da man gyaɗa a riga ina jin kamar in bi shi da gudu.

Cikin gida kuwa biki ya riga ya fara. Kafin la'asar mata biyar sun shigo yi wa Mma barka. Hajiya Mulikatu ta kama kumatuna ta ce, "Yaran yanzu kuɗi ya shiga hannunsu sai gashin kanti da bet, amma ka ga namu!" Aka dama fura da nonon Abdul-Wadud, aka miƙo mini kofi, na sha kamar magani. Wata ta ce a sayi kuloli masu ruwan gwal, wata ta ce na azurfa sun fi auki. Mma na tsakiya tana dariya har ana ganin giɓinta. Rabon da in ga ta yi irin wannan dariyar tun kafin rasuwar babanmu, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado na yi lissafin da na saba. In na yi shiru, Mma ta sayi tukwane, Kanvili ta ci gaba da yabona, Abdul-Wadud kuma ba zai dawo ba. In na yi magana, zan kashe dariyar nan da hannuna, kuma ba tabbas ya dawo ɗin. Ta ko'ina akwai faɗuwa, babu wurin da zan sa sidi ɗaya in gwada tukuna.

Bayan magariba mata suka watse. Mma na kan tabarma da carbi, tana ja tana haɗawa da lissafin tukwane a kan yatsu. Na zo na durƙusa a gabanta.

"Mma, kuɗin nan ba tarawa na yi ba."

"To sata kika yi?" Tana dariya ta faɗa.

"Na jirgi ne."

"Wane jirgi? Na Makka?"

"Wasa ne a waya, Mma. Ana sa kuɗi. Bet ne. Caca."

Carbin ya tsaya. Na jira ihu, na jira zagi da Dagbanci, wanda in ta fara sai ta kai kakannin kakannina. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dai kalle ni kamar baƙuwar da ta shigo gida ba sallama.

"Don me ya shigo waya na?"

"Da lambarki na buɗe."

"Da suna na?"

"E, Mma."

"Fatimata Sumani. A wurin ƴan caca." Ta faɗi sunan a hankali. "Wata nawa?"

"Takwas."

"Wata takwas ina ba ki waya duk Litinin, ina ce miki Naawuni ya yi miki albarka don kin sa min caji."

Nan hawaye suka zubo mini. Na ce na tuba, na ce na daina, kuma wannan karon ban yi jinkiri ko na daƙiƙa ɗaya ba, sai dai wanda ya kamata ya ji ba ya wurin.

"Kuɗi nan ba zai shiga tukunya na ba," in ji Mma. "Gobe in tambayi liman yadda ake yi da shi. Mulikatu kuma..." Ta shafa fuska da tafin hannu. "Ni na kira shi da baki na. Ni na yi guɗa."

Ta miƙe, ta naɗe tabarma, ta shige ɗaki. Ko tuwo ba ta taɓa ba.

Na ciro wayata, na goge wasan, na rubuta wa Abdul-Wadud: "Na gaya mata. Duka." Saƙon ya shiga. Alama biyu suka koma shuɗi. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na zauna a bakin rijiya ina kallon fuskar wayar har aka kira isha'i, ba abin da ya shigo.

Sai na ji ƴar wayar Mma ta yi ƙara a ɗaki, ƙarar saƙo. Shekara shida ke nan, duk lokacin da ta yi wannan ƙarar sunana ne ke biyo baya. Ƙafafuna suka kai ni bakin ƙofa da kansu, na ɗaga labule, na miƙa hannu.

Mma ta kalli hannun. Ta mayar da wayar bakin zaninta, ta ƙulle, ta ƙara ƙulli na biyu.

"Bar shi," ta ce. "Daga yau Abdul-Wadud ne zai riƙa karanta min saƙo. In har ya sake shigowa gida nan."